Idan Mai Gida Ya Ƙi Gyara: Matakan Da Ɗan Haya Zai Bi Ya Karɓi Haƙƙinsa

Ranar da ɗan haya ya fusata ya riƙe kuɗin haya saboda mai gida ya ƙi gyara, ranar ce yakan miƙa wa mai gidan hujjar da a da ba shi da ita. Kafin wannan rana magana ɗaya ce a ƙasa: rufi yana yoyo, an faɗa, ba a gyara ba. Bayanta magana ta zama biyu, kuma ta biyun ta fi sauƙin tabbatarwa a gaban alƙali, domin bashin haya lissafi ne kawai, wata kaza ba a biya ba. Yoyon rufi kuwa sai an kawo shaida. Masu gaskiya da yawa sun rasa matsuguninsu ta wannan ƙofa, kuma abin da ciwo, don a ƙasashe da dama doka tana gefensu tun daga farko.

Dokar haya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci daga jiha zuwa jiha, har daga birni zuwa birni. Amma jerin matakan kusan ɗaya ne a ko'ina, kuma jerin ne ya kamata ka riƙe: ka san wanda gyaran ya rataya a wuyansa, ka tara shaida, ka sanar a rubuce, ka ba da wa'adi, ka kira hukuma. Sai bayan duk wannan ake taɓa maganar kuɗi.

Gyaran na wane ne?

Ɗauko yarjejeniyar hayarka ka karanta ta a natse, musamman inda aka yi maganar gyara. Idan ba ku yi rubutacciyar yarjejeniya ba, kada ka ɗauka ba ka da haƙƙi. Rasit ɗin biyan haya, saƙon banki, da zamanka a gidan da sanin mai shi, duk suna nuna akwai haya a tsakaninku, kuma inda takarda ta yi shiru, doka ce ke magana.

Rabon aikin yawanci haka yake. Jikin gini na mai gida ne: rufi, bango, tushe, matakala, ƙofofi da tagogin waje, magudanar ruwa. Haka kuma abin da gida ba ya zaunuwa sai da shi, wato bututun ruwa, wayoyin lantarki, layin gas, bayan gida da ramin da ƙazanta ke gangarawa, da na'urar ɗumama ɗaki a ƙasashen sanyi. A gidan bene da mutane da yawa ke haya, duk wurin da ake tarayya a kansa, kamar baranda, matakala, tankin ruwa da fitilun hanya, shi ma na mai gida ne. Ɗan haya kuwa nasa ƙananan abubuwa ne na yau da kullum: canza ƙwan fitila, tsabta, buɗe taga iska ta shiga, hana shara toshe kwata. Sannan duk abin da shi, ko iyalinsa, ko baƙonsa suka ɓata da hannunsu, shi zai gyara. Tsufan kaya da lalacewar da zama ke kawowa a hankali, wannan ba laifin ɗan haya ba ne.

Wannan rabo yana da tushe mai ƙarfi. A Ingila, sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida gyaran jikin gini da kayan ruwa, gas, lantarki da ɗumama a duk hayar da ba ta kai shekara bakwai ba, kuma ba ya iya sauke wannan nauyi ta hanyar cusa wani sharaɗi a yarjejeniya. A Faransa, dokar 6 ga Yulin 1989 ta wajabta masa ba da gida mai kyawun zama da kula da shi. A Amurka, shari'ar Javins ta 1970 a birnin Washinton ce ta juya akalar: 'yan haya sun ce akwai saɓa wa dokar gini kusan 1,500 a gidajen da suke zaune, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta yanke cewa duk hayar gidan zama tana ɗauke da alkawarin gidan zai zaunu, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma wajibcin biyan haya yana tafiya ne tare da cika wannan alkawari. Yau kusan duk jihohin ƙasar sun karɓi wannan ƙa'ida ta wata fuska. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da faɗin haka a babin ijara: abin da ɗan haya ya biya shi ne amfanin gida, don haka gyaran da amfanin ya dogara a kansa yana kan mai gida, kuma idan aibi ya hana amfani, ɗan haya yana da zaɓin warware hayar.

Abu ɗaya ka tambayi kanka da gaskiya kafin ka ci gaba: shin matsalar tana taɓa lafiya, tsaro, ko amfani da gidan, ko kuwa ado ce kawai? Fentin da ya koɗe da tayil ɗin da ya tsage kaɗan ba sa buɗe manyan ƙofofin doka. Rashin ruwa, yoyo, funfuna a bango, wayar da ke tartsatsi, ƙofar da ba ta kulluwa, masai da ya cika yana dawowa, su ne ke buɗe su.

Idan akwai haɗari ga rai

Nan ba a jiran wasiƙa. Warin gas, waya mai hayaƙi, ruwa yana zuba a kan wayoyin wuta, silin da ya kumbura zai rufto, bango ya tsage yana buɗewa: kashe wuta ko gas daga tushe idan za ka iya ba tare da haɗari ba, fitar da iyalinka, kira 'yan kwana-kwana ko kamfanin da abin ya shafa, sannan ka kira mai gida. Rubutun ya biyo baya a ranar.

Kada kuma ka raina danshi da funfuna. A watan Disamban 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a garin Rochdale na Ingila, binciken mutuwarsa kuma ya tabbatar da cewa daɗewar shaƙar funfunar gidan da iyayensa ke haya ce sanadi, bayan sun sha kai kuka. Saboda shi aka yi dokar da ta fara aiki a watan Oktoban 2025, wadda ta tilasta wa masu gidajen gwamnati da na ƙungiyoyin gidaje su magance haɗarin gaggawa cikin awa 24, su kuma binciki mummunan danshi cikin kwanakin aiki 10. Idan yaro ko tsoho a gidanka ya fara tari ko numfashinsa ya canza, kai shi asibiti, ka gaya wa likita halin da gidan yake ciki, ka roƙe shi ya rubuta hakan a katinsa.

Tara shaida tun kafin ka buƙace ta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shaidar da za ta cece ka a kotu, yau ake tara ta, lokacin da kake ganin maganar ba za ta kai can ba.

Ɗauki hotuna da bidiyo a lokacin da matsalar take bayyane: ruwa yana ɗiga, ba bayan ka goge ba. Ɗauki na nesa da zai nuna wane ɗaki ne, da na kusa da zai nuna girman ɓarnar. Bayan mako guda ka sake ɗauka daga wuri ɗaya, domin alƙali ya ga abin ƙaruwa yake yi. Tura kwafi zuwa imel ɗinka ko wayar wani amintacce, don waya takan ɓace ko ta lalace.

Sami ƙaramin littafi ka riƙa rubutawa: ranar da ka fara ganin matsalar, ranar da ka faɗa, wa ka faɗa wa, me ya ce, wa ya zo dubawa, ranakun da ɗaki kaza bai kwantu ba. Irin wannan littafi, da aka rubuta a lokacin da abin ke faruwa, ya fi "na sha gaya masa" nauyi nesa ba kusa ba. Adana rasit ɗin duk abin da matsalar ta ja maka: ruwan da ka saya, magani, kwanan da kuka yi a masauki, katifar da ta jiƙe ta ruɓe. Idan za ka iya, kira mai sana'ar da ya san aikin, magini ko mai gyaran famfo ko mai wayarin, ya duba ya rubuta maka abin da ya lalace, dalilinsa da abin da gyaran zai ci. Dalilin yana da muhimmanci ƙwarai, domin kariyar da masu gida suka fi kawowa ita ce "shi ya ɓata".

Sanarwa a rubuce

Wannan ne matakin da komai ya tsaya a kansa, kuma shi aka fi tsallakewa, sau da yawa saboda kunya. Mutum yana ganin rubuta wa mai gida wasiƙa kamar neman faɗa ne, musamman idan ana gaisawa ana mutunci. Amma a dokoki da yawa, nauyin gyara abin da ya lalace a cikin sashenka ba ya fara hawa kan mai gida sai ya samu labari. Kotunan Ingila sun daɗe a kan wannan ƙa'ida. A Jamus ma abin ya fi haka: sashe na 536c na kundin dokar farar hula ya ce ɗan hayar da bai sanar da aibi nan da nan ba yana iya rasa haƙƙinsa na rage haya, har ma ya biya ɓarnar da shirunsa ya jawo. Maganar baki sanarwa ce, amma ranar da aka musanta ta, ba ka da abin nunawa.

Wasiƙar ba ta buƙatar lauya, ba ta buƙatar zafi. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne mai haya a sashe mai lamba kaza na gidanka da ke adireshi kaza. Ina sanar da kai cewa tun ranar kaza rufin ɗakin kwana yake yoyo, ruwa yana sauka ta silin kusa da wayar fitila, bangon kuma ya fara funfuna. Na faɗa wa wakilinka da baki ranar kaza da ranar kaza, har yanzu ba a zo ba. Ga hotuna na haɗa. Ina roƙon a gyara kafin ranar kaza. Ina gida kowace rana daga ƙarfe kaza zuwa kaza, kuma zan buɗe wa masu aiki idan an sanar da ni. Kuɗin hayata na biya har zuwa watan kaza. Na gode."

Lura da abin da ke cikinta: matsalar dalla-dalla, ranar farawa, tunatarwar da aka yi a baya, wa'adi mai rana takamaimai, lokacin da za a same ka, da shaidar cewa ba a bin ka bashi. Babu zagi, babu barazana. Rubuta ta kana tuna cewa wata rana alƙali zai iya karanta ta, kuma daga ita zai fara auna wane ne mai hankali a cikinku.

Aika ta ta hanyar da yarjejeniya ta faɗa. Idan ba ta faɗa ba, yi amfani da hanyar da ke barin alama: wasiƙar rajista ta gidan waya, ko miƙawa hannu da hannu a sa maka hannu a kwafinka, sannan ka bi da saƙon waya ko imel. Idan akwai dillali ko kamfanin da ke kula da gidan, aika wa su biyun, don kada ɗaya ya ce ɗayan bai gaya masa ba. Duk lokacin da kuka yi magana ta waya bayan haka, tura gajeren saƙo: "Kamar yadda muka yi magana ɗazu, ka ce mai gyara zai zo ranar kaza."

Wa'adin fa, kwana nawa? Doka takan ce "lokacin da ya dace", kuma dacewar tana bin girman matsalar. Rashin ruwa gaba ɗaya ko bayan gida da ya toshe, kwana ɗaya zuwa biyu ne. Yoyo da ba ya barazana ga rai, mako ɗaya zuwa biyu. Wasu dokoki sun sa adadi: a jihar Kalifoniya ta Amurka ana ɗaukar kwana 30 a matsayin isasshen jira, kodayake gaggawa tana rage shi, a Faransa kuma idan wata biyu suka wuce ba amsa a kan gidan da bai cika sharuɗɗan zama ba, ɗan haya yana iya kai magana gaban kwamitin sulhu.

Idan wa'adi ya cika shiru, rubuta ta biyu. Ita ce za ta ambaci ta farko, ta ba da ƙaramin wa'adi na ƙarshe, ta faɗi a fili abin da za ka yi bayansa: kai rahoto ga hukuma, ko shigar da ƙara. Kada ka ambaci matakin da ba ka shirya ɗauka ba.

Kuma idan masu gyara suka zo, buɗe musu. Mai gida yana da haƙƙin shiga don dubawa da gyara bayan ya sanar, a Ingila sanarwar awa 24 ce a rubuce. Ɗan hayar da ya hana shiga don haushi ya ba mai gida amsar da za ta wanke shi.

Kira hukuma

Kusan kowace ƙaramar hukuma ko hukumar birni tana da jami'an da aikinsu duba lafiyar muhalli da ingancin gini ne, irin waɗanda muka sani da duba-gari. Kai musu ƙorafi a rubuce, haɗa hotuna da kwafin wasiƙunka, ka nemi su zo su gani da idonsu. Ka kasance a gida ranar da za su zo, ka nuna musu komai, sannan ka nemi kwafin rahotonsu ko lambar ƙorafin.

Amfanin wannan mataki biyu ne. Jami'in yana iya ba mai gida umarnin gyara da wa'adi, da tara idan ya ƙi, kuma masu gida da yawa da suka yi watanni suna "gobe" sukan motsa a makon da takardar hukuma ta iso. Na biyu, ko bai motsa ba, ka samu shaidar wanda ba shi da ɓangare, wadda kotu ke girmamawa fiye da maganarka da ta maƙwabcinka.

Sai dai ka sani, idan ginin ya lalace matuƙa, ko tun asali ba a ba da izinin zama a cikinsa ba, hukuma tana iya rufe shi ta ce kowa ya fita. Hakan yana iya zama daidai don ceton rai, amma gara ka shirya masa tun kafin ka kira.

Idan matsalar ta shafi sauran masu haya, ku haɗu ku sa hannu a takarda ɗaya. Korar mutum ɗaya mai "yawan ƙorafi" abu ne mai sauƙi. Korar gida goma a lokaci guda asara ce ga mai gidan kansa.

Maganar kuɗin haya

Yanzu muka zo inda ake faɗuwa. Hanyoyi huɗu ne ɗan haya yake iya taɓa kuɗin haya da su, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko, ka gyara da kuɗinka ka cire daga haya. Wurare da dama sun yarda da ita, amma da iyaka. A Kalifoniya kuɗin gyaran ba zai wuce hayar wata ɗaya ba, kuma ba a yi fiye da sau biyu cikin wata 12. A Ingila kotu ta amince da ita tun shari'ar da aka yi a 1971, bisa sharaɗin an sanar da mai gida an kuma ba shi dama. Jamus ma ta yarda idan mai gida ya yi jinkiri bayan an ba shi wa'adi, ko gyaran na gaggawa ne don ceton ginin. Idan za ka bi ta, samo ƙiyasi a rubuce daga masu aiki biyu ko uku, aika wa mai gida, ka faɗa masa za ka ɗauki mafi sauƙi idan bai gyara ba zuwa rana kaza. Ɗauki ƙwararre, kada ka yi da kanka, don idan aikin ya ɓaci kai za a bi. Bayan an gama, aika masa kwafin rasit tare da ragowar hayar, da bayanin lissafi. Cire abin da gyaran ya ci daidai, ba ƙari. Kuɗin wahalarka da na kayanka da suka lalace, wannan magana ce ta daban, kotu ke yanke ta. Mafi kyau duka shi ne ka samu mai gida ya rubuta maka ko da layi ɗaya ne: "Na yarda ka gyara ka cire." Da wannan layi rigimar ta mutu.

Ta biyu, ka biya hayar amma ba a hannun mai gida ba, a hannun kotu ko asusun da doka ta amince da shi. A ganina wannan ce hanyar da ta fi adalci, domin tana matsa wa mai gida ba tare da ta mai da kai mai bashi ba. A jihar Ohayo ta Amurka, ɗan hayar da ba a bin sa ko kwabo, wanda ya sanar a rubuce ya jira lokacin da ya dace, bai wuce kwana 30 ba, yana iya kai hayarsa ga magatakardar kotu ta zauna a can har a gyara. A Faransa sai alƙali ya ba da izini kafin a yi haka. Abin lura: ajiye kuɗin a asusunka na kanka ba shi ne wannan ba, sai inda doka ta faɗi haka ƙarara.

Ta uku, rage haya gwargwadon amfanin da ka rasa. A Jamus doka ce da kanta take rage hayar daga lokacin da aibin ya bayyana, ba sai an je kotu ba. Amma ko a can, wanda ya rage fiye da ƙima har abin da ya taru ya kai hayar wata biyu, mai gida yana iya soke hayarsa nan take. Shi ya sa masu ba 'yan haya shawara a can suke cewa ka biya cikakke, ka rubuta cewa ka biya ne da sharaɗin za ka nemi a mayar maka da rarar. Wannan dabara tana da amfani ko'ina: ka biya, ka rubuta cewa biyan ba yafe haƙƙi ba ne, ka nemi ragin daga baya.

Ta huɗu ita ce riƙe haya gaba ɗaya. Wasu jihohin Amurka sun halatta ta idan matsalar babba ce kuma an bi ƙa'ida. A Ingila da Faransa da wurare masu yawa, ɗan hayar da ya yi haka da kansa ya zama mai bashi, ko da gidan yana zuba. Ko inda aka halatta, ma'anarta ita ce kana jiran mai gida ya kai ka kotu don ka kare kanka a can, kuma idan alƙali ya ga matsalar ba ta kai ba, za a ce ka biya duka cikin 'yan kwanaki ko ka fita. Kada ka bi wannan hanya sai lauya ko ofishin taimakon shari'a na inda kake ya duba takardunka ya ce ka bi. Idan kuma ka bi, kada ka taɓa kuɗin. Ranar da alƙali ya tambaya ina hayar take, amsar da za ta tsayar da kai ita ce "ga ta".

Sulhu, sannan kotu

Kafin ƙara, gwada sulhu a gaban wanda ba shi da ɓangare. Ya fi sauri, ya fi arha, kuma yana barin hanyar gaisawa tsakaninka da mutumin da kake zaune a gidansa. Ƙasashe da dama sun kafa wurare na musamman don wannan. Afirka ta Kudu tana da kotunan haya a larduna ƙarƙashin dokarta ta 1999, kuma kai ƙara a can kyauta ne. Lardin Ontariyo na Kanada yana da hukumar da ke sauraron rikicin mai gida da ɗan haya. Duk abin da kuka daidaita, a rubuta shi da ranaku, kowa ya sa hannu. Sulhun da ya tsaya a "za a duba" ba sulhu ba ne.

Idan sai kotu, ka san abin da kake nema kafin ka shiga. Kana iya neman umarnin a yi gyara zuwa rana kaza. Kana iya neman a mayar maka da wani kaso na hayar watannin da ka zauna cikin matsala. Kana iya neman diyyar kayanka, kuɗin magani, da kuɗin da ka kashe a wani masauki. Ƙananan kotunan da ke sauraron ƙarar kuɗi kaɗan galibi ba sa buƙatar lauya, amma da yawansu kuɗi kawai suke iya yankewa, ba sa iya tilasta gyara, don haka tambayi magatakarda tun farko ko kotun tana da wannan iko. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin taimakon shari'a na gwamnati, ƙungiyar 'yan haya, ko sashen koyar da lauyoyi na jami'a, inda ake taimaka wa jama'a kyauta.

Jera takardunka bisa kwanan wata, da shafi ɗaya a sama mai taƙaita labarin. Yi kwafi uku: naka, na kotu, na ɗaya ɓangaren. Buga hotunan a takarda, kada ka dogara da miƙa wa alƙali waya. Kuma kada ka yi jinkiri, don ƙara tana da wa'adi. A Ingila shekara shida ce ga saɓa yarjejeniya, uku ga rauni ko rashin lafiya. A Ontariyo shekara ɗaya ce tak.

Idan ya mayar da martani da notis

Wannan ne tsoron da ke rufe bakin yawancin 'yan haya, kuma tsoro ne mai dalili. Dokoki da dama sun hana korar ramuwa. A Amurka kotu ta fara hana ta a shari'ar Edwards ta 1968, inda aka ba wata mata notis bayan ta kai rahoton gidan ga hukuma. Kalifoniya ta hana mai gida kora, ƙarin haya ko rage hidima don ramuwa cikin kwana 180 bayan ƙorafi, muddin ɗan hayar ba shi da bashi. Ka ga yadda sharaɗin ya sake dawowa: kariyar ta wanda ya biya ce. Kuma ranakun da ke kan wasiƙunka su ne za su nuna notis ɗin ya biyo bayan ƙorafi.

Notis ba hukuncin kotu ba ne. A mafi yawan ƙasashe mai gida ba shi da ikon canza makulli, cire ƙofa ko rufi, yanke ruwa da wuta, ko fitar da kayanka waje da kansa. Sai ya bi ta kotu, kuma jami'anta ne ke aiwatarwa. Idan ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, ɗauki hoto, kai rahoto ga 'yan sanda, ka nemi lauya a ranar. Idan kuma sammaci ya zo maka, amsa shi cikin wa'adi ka halarci zaman. Wanda bai je ba, a bayansa ake yanke hukunci, komai ƙarfin shaidar da ya bari a gida.

Idan fita ce mafita

Wani gidan ba ya gyaruwa, wani mai gidan ba ya canzawa, kuma lafiyar 'ya'yanka ta fi cin nasara a shari'a. Doka a wurare da yawa ta ba ɗan haya damar warware haya kafin lokacinta idan gidan ya zama ba ya zaunuwa bayan an sanar an ba da wa'adi. A Jamus, haɗari babba ga lafiya dalili ne na sokewa nan take. Amma fita ma da ƙa'idarta, domin wanda ya kwashe kaya ya tafi shiru ana iya bin sa hayar sauran watanni.

Rubuta wasiƙar ƙarshe da ke faɗin dalilin fitarka, tana ambaton wasiƙun baya da rahoton hukuma, da ranar da za ka bar gidan. Ka fita a ranar da gaske, don wanda ya ce gida ba ya zaunuwa kuma ya ci gaba da zama cikinsa wata da watanni ya raunana hujjarsa. Ranar tafiya ɗauki bidiyon kowane ɗaki bayan an kwashe kaya, da lambobin mitar wuta da ta ruwa. Miƙa makulli a gaban shaida, a sa maka hannu da kwanan wata. A cikin wasiƙar ka nemi a mayar maka da kuɗin ajiyar da ka bayar a farkon haya da hayar watannin da ka riga ka biya ba ka zauna ba, ka ba da adireshi ko lambar asusun da za a tura, ka kuma rubuta cewa fitarka ba ta shafe diyyar da kake nema ta watannin baya ba.